Mutum uku a mota ɗaya: abin da ya faru bayan Jakarta ta soke dokarta

Shekara 24 birnin Jakarta na ƙasar Indonesiya ya yi yana aiki da wata doka mai sauƙin faɗi: motar gida ba za ta hau manyan titunan tsakiyar gari a lokacin rububin zuwa aiki ba, sai da mutum uku a cikinta, har da direba. An kafa dokar a 1992, aka soke ta a 2016. Kafin a soke ta, da wuya ka sami wanda zai tsaya mata. Masu mota suna ganin takura ce, 'yan jarida suna yi mata ba'a, gwamnan birnin da kansa ya ce ba ta tsinana komai. Sai da aka cire ta sannan aka ga irin nauyin da take ɗauke da shi, aka kuma yi sa'a akwai waɗanda suka tsaya suka auna.

Jakarta kanta tana da mutum wajen miliyan 10, amma idan aka haɗa da garuruwan da suka kewaye ta, wato Bogor da Depok da Tangerang da Bekasi, adadin ya haura miliyan 30. Da yawa daga cikinsu a waje suke kwana, a tsakiya suke aiki. Tsakiyar kuwa ƙanƙanuwa ce. Bankuna da ofisoshin jakadanci da manyan otal da benayen kamfanoni duk sun jeru a kan titin Sudirman da titin Thamrin, waɗanda suka haɗu suka zama doguwar hanya ɗaya daga kudu zuwa arewa, sai titin Gatot Subroto da ya gitta su. Duk safiya motoci suna kwararowa ta kowace kusurwa zuwa wannan ɗan yanki, da yamma kuma su juya. Har zuwa 2004 birnin ba shi da tsararriyar motar bas mai layinta, ba shi da jirgin ƙarƙashin ƙasa sai 2019. Ga man fetur mai arha, don gwamnati ta daɗe tana biyan tallafi a kansa. Wanda duk ya sami halin sayen mota, babu abin da zai sa ya bar ta a gida.

A cikin wannan hali aka kawo dokar mutum uku, a shekarar da birnin ya karɓi baƙuncin taron ƙasashen 'yan ba-ruwanmu. Da farko da safe kawai take aiki. Lokacin da aka buɗe layin farko na bas ɗin TransJakarta a Janairun 2004, zamanin gwamna Sutiyoso, an faɗaɗa ta ta haɗa da yamma. A shekarunta na ƙarshe tana aiki ne daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, da kuma 4:30 zuwa 7 na yamma, Litinin zuwa Juma'a. Ba ta shafi tasi da bas ba. Wanda aka kama, tararsa tana iya kaiwa rupiya 500,000.

Tunanin da ke bayanta ba shi da aibi. Mota mai kujera biyar da ta ɗauko mutum ɗaya tana cin wuri a titi daidai da wadda ta ɗauko biyar, tana shan mai kusan ɗaya, hayaƙinta ma kusan ɗaya. Idan maƙwabta uku da ke aiki a unguwa ɗaya suka shiga mota guda, motoci biyu sun kwana a gida, ba a gina gada ba, ba a faɗaɗa kwalta ba, gwamnati ba ta kashe komai ba sai albashin ɗan sandan da zai leƙa ta taga ya ƙirga kawuna. Matsalar ita ce kawuna kaɗai ɗan sandan yake iya ƙirgawa. Ba ya iya sanin ko mai kan yana da abin da zai kai shi can.

Sana'ar cika mota

Ba a daɗe ba wata sana'a ta ɓullo. Kafin shiga yankin da dokar ta shafa, sai ka ga mutane sun jeru a bakin titi, kowa ya ɗaga yatsa. Ana kiran su joki. Mai mota zai tsaya, ya ɗauki ɗaya ko biyu, ya wuce shingen da su, can gaba ya sauke su ya biya. Kuɗin ya kai wajen rupiya 15,000 a kan mutum ɗaya a 2016, wato dala ɗaya da 'yan canji. Wanda ya ɗaga yatsa ɗaya shi kaɗai ne. Macen da ta ɗaga biyu tana ɗauke da goyo, kuma doka ba ta ce sai babba ba, don haka jariri ma kai ne. Uwa da ɗanta sun wadatar da mai tuƙa kansa, tsayawa ɗaya ya gama.

Sana'ar tana da ladubbanta. Joki yakan yi ƙoƙarin sa kaya masu tsafta, don mai mota ba ya son wanda da gani za a gane ɗauko shi aka yi. Jami'an birni sukan kai samame su kwashe su, a tsare su na ɗan lokaci, su fito su koma bakin titi, saboda babu wani aikin da ke jiran su. Bayan an sauke mutum, sai ya hau bas ya koma inda ya taso ya sake ɗaga yatsa. Kuɗin TransJakarta a lokacin rupiya 3,500 ne, saboda haka akwai riba. Abin lura a nan shi ne, dokar da aka yi don rage zirga-zirga ta haifar da wasu tafiye-tafiye da babu wanda yake bukatarsu: mutum ya je, ya dawo, ya sake zuwa, bai da wata hulɗa da wurin.

Akwai kuma wani gibi da ba a cika magana a kansa ba. Tunda direba yana cikin lissafi, babban mutum mai direban gida ya riga ya zama biyu tun daga ƙofar gidansa. Kai ɗaya ya rage masa. Ma'aikacin da ke tuƙa kansa kuwa sai ya nemo biyu. Wato wanda ya fi kuɗi shi ya fi biyan kaɗan.

Duk wanda ya kalli wannan zai ce doka ta mutu. To amma a yi lissafi. Mutumin da ke ɗaukar joki ɗaya da safe, ɗaya da yamma, yana kashe rupiya 30,000 a rana. A kwana 20 na aiki ya zama 600,000. Mafi ƙarancin albashi a Jakarta a 2016 rupiya miliyan 3.1 ne a wata. Wanda ke bukatar biyu, nasa ya ninka. Ga ɓata lokacin tsayawa, ga zama da baƙo a motarka, ga fargabar a kama ka. Ga attajiri wannan ba komai ba ne. Ga ƙaramin ma'aikacin da yake biyan bashin motarsa wata-wata, kuɗi ne da zai sa ya yi tunani: ko ya hau bas, ko ya nemi abokan aiki su yi karo-karon kuɗin mai, ko ya bar tafiyar gaba ɗaya. Ba da niyya ba, dokar ta rikiɗe ta zama harajin shiga tsakiyar gari. Bambancin kawai, ba baitulmali ke karɓa ba, talakan bakin titi ne.

Yadda aka soke ta

A watan Maris na 2016 'yan sanda suka kama wasu mutane a kudancin Jakarta da ke hayar yara don bara, har da ba jarirai maganin barci don kada su yi kuka a kan titi. Labarin ya girgiza jama'a, hankali kuma ya koma kan matan da ke tsayawa da goyo suna ɗaga yatsu biyu. Gwamna Basuki Tjahaja Purnama, wanda aka fi sani da Ahok, mutum ne da ba ya jan magana. A ƙarshen watan ya sanar da dakatar da dokar, daga ranar 5 ga Afrilu, na mako guda don gwaji. Aka ƙara wata ɗaya, sannan a watan Mayu aka soke ta dungurungum. Hujjarsa biyu ce: ana cin zarafin yara saboda ita, kuma cunkoson ma ba ta rage shi ba.

Hujja ta farko tana da nauyi, babu mai musu. Ta biyun ce ba a gwada ba.

Wasu masana tattalin arziki uku, Rema Hanna ta jami'ar Harvard, da Gabriel Kreindler da Benjamin Olken na jami'ar MIT, suka ga dama ta samu wadda ba kasafai ake samun irinta ba. Yawanci idan za a canza dokar hanya, ana sanarwa tun da wuri, mutane su shirya, wasu abubuwan su ma su canza a tsakani, har a rasa gane me ya jawo me. A nan kuwa mako ɗaya aka bayar. Nan da nan suka fara tambayar Google Maps, duk bayan minti 10, dare da rana, tsawon lokacin da tafiya take ɗauka a kan titunan da dokar ta shafa da kuma wasu da ba ta shafa ba. Google yana samun wannan ne daga motsin wayoyin da ke cikin motoci. Da haka suka sami bayanan kwanakin ƙarshe na dokar da na makonnin da suka biyo baya. Sakamakon ya fito a mujallar Science a 2017.

Da safe, kilomita ɗaya da ake yi a minti 2.1 ya koma minti 3.1, ƙarin kashi 46 cikin ɗari. Da yamma abin ya fi muni: daga minti 2.8 zuwa 5.3, ƙarin kashi 87 cikin ɗari. Idan aka mayar da shi gudu, motar da ke yin kilomita 21 a awa da yamma ta koma yin wajen 11, abin da mai keke ba zai yi alfahari da shi ba. Mai tafiyar kilomita 10 a kan waɗannan tituna bayan tashi daga aiki, wanda da yake yin minti 28, yanzu sai ya yi 53.

Wannan kaɗai bai isa ya wanke dokar ba, domin akwai amsar da masu sukarta suka daɗe suna bayarwa. Sun ce ai ba rage motoci take yi ba, kora su take yi: wanda ba zai iya cika uku ba sai ya bi ta lungu, ko ya jira ƙarfe 7 na yamma ta wuce. Idan haka ne, da an soke ta ya kamata ƙananan hanyoyi su sami sauƙi, awannin da ba na doka ba su ma su yi sauƙi, tunda kowa ya koma babban titi a lokacin da yake so. Ba haka aka gani ba. Tsakar rana, lokacin da dokar ba ta taɓa aiki ba, cunkoso ya ƙaru. Awar da ke biye da ƙarfe 7 na yamma ta ƙara cushewa. Hanyoyin ratse ba su sami sarari ba, a wasu lokutan ma sun ƙara lalacewa. A ganina wannan shi ne ƙashin bayan binciken, fiye da alƙaluman 46 da 87 da aka fi yayatawa.

Me ya sa haka? Bayani mafi kusa shi ne yawan motocin ne ya ƙaru a birnin baki ɗaya. Waɗanda ke haɗuwa a mota ɗaya sun rabu, waɗanda ke hawa bas saboda dokar sun fito da motocinsu. Motar da ta fito da safe kuwa ba ta ɓacewa da ƙarfe 10. Da ita za a je cin abinci, da ita za a je ganawa, da ita za a koma gida, ta kowace hanya. Na biyu, titi yana da iyakar da idan aka ƙetare ta, ba jinkiri kaɗai ake samu ba, adadin motocin da ke iya wucewa a awa ma raguwa yake. Kamar mazurari ne: ka zuba hatsi a hankali ya yi ta zuba, ka juye masa gaba ɗaya ya toshe. Idan Sudirman ya toshe, layin yana komawa baya har cikin titunan da ke shiga cikinsa, sai cunkoson ya bazu inda doka ba ta taɓa zuwa ba. Shi ya sa rage motoci kaɗan a daidai lokacin da titi ke dab da cika yake yin tasirin da ya fi ƙarfin adadinsu.

A nan ya kamata a yi hattara. Abin da aka auna saurin tafiya ne, ba a leƙa cikin motoci an ga waye maƙwabci waye joki ba. Binciken ya nuna dokar tana rage cunkoso. Bai nuna cewa mutanen Jakarta sun rungumi al'adar rage wa juna hanya ba. Abu biyu ne daban, kuma masu tallata haɗa mota a matsayin maganin cunkoso da gurɓatar iska sukan gauraya su.

Haɗa mota na gaskiya yana da wahalar da takarda ba ta nunawa. Sai gidaje sun yi kusa, wuraren aiki sun yi kusa, lokacin fita ya zo ɗaya. Safiya ma da sauƙi, don kusan kowa lokaci ɗaya yake shiga ofis. Yamma ce rigima: wannan shugabansa ya riƙe shi, wancan zai biya makaranta ya ɗauki yara, wata za ta tsaya sayayya. Ga batun amana, musamman ga mace da za ta shiga motar wanda ba ta sani ba. Ga kuma abin da ba a faɗa a fili, cewa mutum ya sha wuya kafin ya sayi motar nan, kuma rabin daɗinta shi ne ba ya jiran kowa. Joki ya warware wa mai mota duk waɗannan a kan rupiya 15,000: ba ya makara, ba ya da ra'ayi kan hanyar da za a bi, ba sai an jira shi da yamma ba. Maƙwabci ba zai iya gogayya da wannan ba.

Wasu birane sun gamu da irin wannan ta wata fuskar. A yankin Washinton na Amurka, a shekarun 1970 an ware layin musamman a babbar hanyar da ke shiga birnin daga jihar Virginia, wanda a lokacin sai mota mai mutane da yawa ke hawa. Can ma mutane suna jeruwa a wasu sanannun wurare, masu mota su tsaya su ɗauke su don cika adadi. Amma babu kuɗi a tsakani, saboda masu jiran su ma aiki za su tafi. Mai mota ya sami layi mai sauri, fasinja ya sami tafiya kyauta, kuma mai yiwuwa wata motar ta kwana a gida. Dokar kusan iri ɗaya ce, abin da ya bambanta shi ne tazarar arziki. Inda awa ɗaya ta talaka ba ta kai kuɗin kofin shayin mai mota ba, dole a sami mai sayar da zamansa. Singafo kuwa, da ta fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari a 1975, ta yafe wa motar da ta ɗauko mutum huɗu. A 1989 ta janye wannan rangwame, kowa ya biya, sannan a 1998 ta koma karɓa ta na'ura. Ta zaɓi ta riƙa saka farashin da kanta, kuɗin kuma ya shiga asusun gwamnati.

Abin da ya maye gurbinta

Jakarta ta yi kusan wata huɗu babu wani takunkumi a kan waɗannan tituna. A ƙarshen Yulin 2016 aka fara gwajin sabon tsari, ya kankama sosai a ƙarshen Agusta: ana duba lambar ƙarshe ta mota. Mai ƙarewa da 1, 3, 5, 7 ko 9 tana shiga a ranakun wata masu irin wannan lamba, sauran kuma a sauran ranakun. An faɗaɗa shi lokacin gasar wasannin Asiya ta 2018. Wannan ya ƙarasa kashe kasuwar joki, don lambar mota ba ta bukatar jariri. Sai dai ya kashe har da ladan mai cika motarsa. Mota mai mutum biyar da mai mutum ɗaya hukuncinsu ɗaya, ranarka ce ko ba ranarka ba. Hanyar kauce masa kuma ta masu hali ce zalla: ka sayi mota ta biyu mai ɗaya lambar. Birnin Meziko ya fara irin wannan tsari a 1989, kuma binciken da masanin tattalin arziki Lucas Davis ya wallafa a 2008 bai sami shaidar cewa iska ta gyaru ba, sai ma ƙaruwar motoci. A tsohon tsarin Jakarta kuɗin kauce wa doka yana zuwa hannun marasa aiki. A sabon, dillalin mota ne ke amfana.

Ni dai ina ganin an haɗa matsaloli biyu an yi musu hukunci ɗaya. Ba jarirai maganin barci laifi ne da ke da dokarsa, ana iya kama masu yi ko da dokar hanya ko babu, kuma masu hayar yara don bara ba su dogara ga mai mota kaɗai ba. Ana iya cewa ƙaramin yaro ba ya shiga lissafi. Ana iya cire direban haya daga ƙirga. Ana iya barin dokar tana aiki har a gama shirya abin da zai gaje ta. Gwamnatin birnin ta yi ta cewa burinta shi ne karɓar kuɗin hanya ta na'ura irin na Singafo, an ma kafa ƙofofin gwaji a kan titi tun 2014, amma shekaru suka yi ta wucewa ba a fara karɓa ba. Karɓar kuɗi kai tsaye daga hannun masu mota abu ne da ɗan siyasa ke tsoro, ko da kuwa mutanen nan sun shekara 24 suna biyan irinsa ta taga.

Babban sauyin da titin Sudirman da Thamrin suka gani daga baya bai zo ta hanyar motar gida ba. A Maris na 2019 aka buɗe layin farko na jirgin ƙasan cikin gari da ake kira MRT, kusan kilomita 16 da tashoshi 13, daga Lebak Bulus a kudu zuwa shataletalen Hotel Indonesia, kuma sashensa na ƙarƙashin ƙasa yana bin daidai hanyar da dokar mutum uku ta yi aiki a kanta. Tafiyar daga wannan ƙarshe zuwa wancan wajen minti 30 ce, ko ana cunkoso a sama ko ba a yi.